Ruwan gonar Baba a kan ekran ɗina

Duk wanda ya tashi gidan manoma ya san wayar safiyar damana. Kafin ma a gama ina kwana ina gajiya, tambayar da ke biyo baya ita ce an yi ruwa wajenku? Ni ina nan birnin Maradi, ina da ɗan shagon gyaran salula da kwamfuta, Baba kuma yana ƙauyenmu, kilomita 28 ne in ka bi ta hanyar mota, kuma mu da ke birni mu ne ke riƙe da kuɗɗin iri da taki da na ƴan ƙwadago, to ka ga dole mu san ranar da ƙasa ta jiƙu don mu tashi da kaya. Matsalar ita ce wayar Baba kwana biyu tana kunne kwana ukku tana wajen mai sharji, kuma ko ka same shi amsar ɗaya ce, "an yi dai, ba laihi". Shi ya san abin da yake nufi don ya tona ƙasa da hannunshi ya ga inda lema ta tsaya, ni kuwa da ke nesa ban san ko ruwan shuka ba ne ko yayyafin da rana ɗaya za ta shanye.

Kuma kar wani ya ce in saurari na meteyo a rediyo. Ina saurare, suna aikinsu, akwai tasharsu a filin jirgin Maradi, ga kuma cibiyar AGRHYMET a Yamai tun 1974 da ke sa hannu cikin hasashen damana kowace shekara. Amma ruwanmu na nan yankin ba ya sauka bai ɗaya, sai a yi kamar da bakin ƙwarya a unguwar Zariya mutane na kwashe ruwa daga ɗaka, can ƙauyenmu ko ɗigo, iska da ƙura kawai. Duk abin da muke samu a shekara bai wuce kusan milimita 500 ba, tsakanin Yuni da Satumba, to wanda ya kuskure ruwan farko guda ɗaya ya yi babbar asara. Abin da ya sa ke nan na ce sai na kafa ƴar tasha a gonarmu wadda za ta riƙa gaya ma kwamfutar shagona abin da ya sauka.

Ita tashar ba wani abin tsoro ba ce. Babban abin cikinta ma'aunin ruwa ne, mazurari a sama, ƙarƙashinshi wani ɗan cokali mai baki biyu kamar lilo, in gefe ɗaya ya cika sai ya kife ya zubar, ɗaya gefen ya taso ya tare ruwan. Jikin cokalin akwai ɗan maganaɗisu, duk kifewa ɗaya sai ya wuce kusa da wani ɗan makunni na gilashi ya rufe shi, allon lantarki ya ƙirga ɗaya. Nawa bakin mazurarin faɗinshi santimita murabba'i 200 ne, kowace kifewa mililita 4, wato milimita 0.2 na ruwan sama, kifewa 100 ke nan milimita 20. Ga wanda bai saba ba, milimita 1 na nufin lita 1 a kan kowace mita murabba'i, a hekta guda lita 10,000 ke nan, in ka lissafa haka za ka daina raina yayyafi. Na ƙara da na'urar zafi da laima cikin ƴar rumfa fara mai hudoji a tsayin mita 1.5 daga ƙasa, da allon ESP32, shi ne allon lantarkin da ke ƙirgar, da ɗan panno na sola da batir. Wasu kayan wani abokina mai zuwa Kano ya sawo mani a Sabon Gari, wasu na ciro daga matattun kaya na shago. Wajen kafawa mun ɗan ja da Baba, shi yana so a sa ta gindin gawo don inuwa kuma ido na kanta, ni na ce ƙa'ida ita ce ma'auni ya yi nisa da icce aƙalla ninki biyu na tsawon iccen, in ba haka ba iccen zai tare ruwa in iska ta kaɗo shi. Ya ce ai gawo ba shi da ganye da damana, kuma gaskiyarshi ce, amma rassa na nan, daga ƙarshe dai munka auna taki 30 munka haƙa rami.

Auna ruwan bai ba ni wahala ba. Kawo lambar daga gona zuwa Maradi, nan ne aikin yake, kuma shi nake so in yi bayani don na san akwai ɗalibai a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da matasa masu gyara irina da ke son irin wannan aiki.

Na fara a kan tebur, allo da kwamfuta da wayar USB tsakaninsu. Ranar farko kwamfuta ko ganin allon ba ta yi ba sai da na sa direban CH340, ɗan furogaram da ke sa kwamfuta ta gane allon, sannan ƙofar COM da suke magana ta cikinta ta fito. Na buɗe PuTTY, furogaram ɗin da ke nuna abin da allon ke aikowa, sai ga wasu haruffa barkatai kamar rubutun aljanu suna zubowa, ashe saurin magana ne bai zo ɗaya ba, allon na aikowa a 115200 ni na saita 9600, na gyara sai rubutu ya fito tas. Wanda duk zai haɗa na'ura biyu ta wannan hanya ya riƙe abu ukku: saurin ya zama ɗaya, wayar TX (mai aikawa) ta wannan ta tafi RX (mai karɓa) ta waccan ba TX da TX ba, don baki ba ya magana da baki sai da kunne, sannan a haɗa GND ɗinsu, wato wayar negatif. Kuma in tashar saye ce mai tsohon soket na RS-232 mai haƙora 9, kar ka kuskura ka haɗa ta kai tsaye da ESP32, wutarta na iya kaiwa volt 12 ko fiye, sama da ƙasa, shi kuwa allon volt 3.3 ne, sai ka sa MAX3232, ɗan guntun da ke daidaita volt ɗinsu, a tsakani in ba haka ba ka ƙone shi. To amma waya dai waya ce, RS-232 ba ta wuce kamar mita 15, wani tsarin wayar mai suna RS-485 na kai mita 1200, wannan ya isa mai lambu da ke bakin Gulbi in ɗakinshi na kusa, ni kuwa kilomita 28 ke gabana.

Sai na koma ma LoRa, wasu ƴan rediyo ne ƙanana kamar akwatin ashana da ke aiki a mita 868 MHz, ba su cin wuta, ba pus ba kiredi, saƙo ɗan kaɗan suke ɗauka amma suna kai shi nesa. Na yi ta karanta cewa suna kai kilomita 10 har 15, na ɗora ɗaya a kan soron shago na hau moto da ɗayan cikin aljihu ina tafiya ina duba ekran, ban kai kilomita 3 ba saƙo ya yanke. Dalili kuwa wannan nisan da ake faɗi sai in eriya na ganin eriya ba komi tsakani, mu kuwa ga gine-gine ga bedi ko'ina, ganye in ya jiƙe ma ya fi shanye siginar, kuma ba layin tsakiya kaɗai ake so a share ba har da sarari kewaye da shi, a nisan kilomita 8 kawai kana bukatar sararin da ya haura mita 15 a tsakiyar hanya. Ina ni ina gina hasumiya. Na ajiye su cikin durowa raina a ɓace.

Daga nan sai rezo na salula. Na ɗauki SIM800L, ɗan allo ne da ake sa ma pus yana aika mesaj kamar waya, 2G kawai yake ji. Na je gona da shi don in gwada, akwai umurnin da ake ba shi AT+CSQ ya gaya maka ƙarfin rezo daga 0 zuwa 31, in ya ce 99 to bai ga komi ba. A gonar 99 yake ba ni, wani lokaci 3 ko 4, don gonar a kwari take. Na tako zuwa gida, gidanmu a kan tudu yake, a bakin rumbu na samu 14, a kan katanga 17. Ina zaune nan ƙanena ya kawo mani hura sai na tuna da ƴan rediyon da na jefa durowa, tsakanin gona da gida bai kai kilomita 2 ba kuma fili ne, in ka hau katanga kana hango gawon. Shi ke nan tsarin ya fito da kanshi: tashar gona ta aiko ma gida ta LoRa, akwatin da ke gida mai SIM800L ya tura mesaj zuwa Maradi, a shago kuma wani SIM800L ɗin na maƙale da kwamfuta, ɗan furogaram na Python na tambayarshi kowane minti ko akwai sabon saƙo, in akwai ya karanta ya rubuta cikin fayil ya goge shi daga pus.

Wasu abokai sun ce don mi ba intanet ba, ai ya fi arha ga saƙo da yawa. Gaskiya ne, kuma SIM800L na iya GPRS, wato intanet ta 2G. Amma mesaj na ratsawa inda rezo ya yi rauni har intanet ta kasa, kuma in an ɗauke wuta a shago na'urata na kashe, saƙon na jira a wajen kamfani har in kunna ya shigo, ba na bukatar wata saba, wato babbar kwamfutar intanet mai ajiye saƙo, a wata ƙasa. Haruffa 160 ne iyakar mesaj guda, ni layina bai kai 60 ba.

Shi SIM800L yana da hali guda da sai da ya cinye mani sati biyu. Sai ya kama rezo lahiya lau, da zarar zai aika saƙo sai ya mutu ya sake tashi, fitilarshi ta koma ƙiftawa da sauri. Na canza pus, na canza eriya, na sake rubuta furogaram, ashe yunwa ce. Lokacin aikawa yana fizgar wuta har amfiya 2 na ɗan ƙiftawar ido, kuma yana son volt tsakanin 3.4 da 4.4, to siraran wayoyin gwaji da nake amfani da su ba su iya wuce da wannan wutar, sai volt ya faɗi ya suma. Na ba shi batir 18650 nashi, na sa gajerun wayoyi masu kauri na like da darma, na ɗora kondansater 1000 µF, ɗan abin da ke tara wuta, dab da ƙafafunshi, tun ranar bai sake ba. In naka na yin haka kar ka taɓa furogaram, ɗauko miltimetir ka auna wutar tukuna.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta duk wannan.

Cikin watan Yuni na bara waccan komi na tafiya, tasha na aiko saƙo duk lokacin da anka yi ruwa, in ba a yi ba ta yi shiru don in rage kashe kiredi, ni kuma na rubuta ma furogaram ɗin shago cewa duk ranar da saƙo bai zo ba ya rubuta 0. A lokacin wannan dabara ce a ganina. Wani dare hadari ya haɗu gabas, a birni iska ce kawai da ƙura, da safe na buɗe shago na duba ekran na ga 0.0, yayana ya kira ya ce ya ake ciki, in sa yara su ɗora iri a mota? Na ce Yaya a dakata, ko ɗigo ba a yi ba can, tasha ta nuna. Ya yarda da ni don watanni ina nuna mashi abin na aiki. Munka sallami mutum 6 da munka yi magana da su za su je shuka, kowa ya kama gabanshi. Wayar Baba a kashe. Sai washegari da la'asar ga kiranshi, ko gaisuwa bai tsaya ya gama ba.

"Kai, lahiya kuwa? Ruwa ya kwana biyu a ƙasa, maƙwabta duk sun shibka, ina irin?"

Na ce Baba ku yi haƙuri, wane ruwa, na'ura ba ta nuna komi ba.

Ya yi shiru kaɗan sannan ya ce, "To ita na'urar taka ba ta ga ruwan da ya kada katangar garke ba?"

Wallahi har yanzu in na tuna muryarshi sai in ji wani abu ya tokare mani ƙirji, don bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mani sauƙi. Kafin mu sake tara mutane mu isa kwana ukku sun wuce, saman ƙasa ya bushe, ƙasarmu jigawa ce ba ta riƙe ruwa, munka shuka hakanan, rabin gonar bai fito ba sai da anka yi ƙari bayan kwana 12, kuma duk wanda ya ga hatsinmu da na maƙwabta a kaka ya san wanda ya riga. Da na buɗe akwatin gida na gano abin da ya faru, kwana huɗu ana ƙura ta lulluɓe panno, batir ya yi ƙasa, daren ruwan kuma rezo ya ɗauke a yankin gaba ɗaya, na'urar ta yi ta ƙoƙarin aikawa tana fizgar wuta har ta ƙarasa batirin ta mutu. Ita ta gona ta ƙirga ruwanta daidai, kifewa 137, milimita 27.4, ta aiko gida ba mai amsa. Ma'auni bai yi ƙarya ba, furogaram ɗin da na rubuta ne ya ɗauki shiru ya maida shi sifili, ni kuma na ɗauki sifilin na ba yayana a matsayin labari.

Sati guda ban taɓa kayan ba. Da na dawo kansu sai na rushe tsarin saƙon gaba ɗaya na sake. Yanzu tasha na magana kowane awa 3 ko an yi ruwa ko ba a yi ba, ko da abin da za ta ce shi ne ina nan da rai, batir volt 3.9. In awa 4 ta wuce ba saƙo, ekran ba ya rubuta 0, gurbin na zama ja da rubutu BA LABARI, kuma wayata na ƙara. Kowane saƙo na da lamba a jere, in 412 ta zo sannan 415 ta biyo na san biyu sun ɓace a hanya, kwamfuta na tura ma akwatin gida mesaj ta ce maido mani 413 da 414. Sannan na daina aiko ruwan da anka yi tun saƙon baya, jimillar kifewa tun farkon damana nake aikowa, lamba ce da ke hawa kawai ba ta sauka, to ko saƙo goma sun ɓace na sha ɗaya in ya iso sai a ɗebe tsohuwar jimilla daga sabuwa ruwan ya fito cif. Wannan dabarar ita ta fi kowace amfani kuma ba ta ci ko dala ba. Layin ga yadda yake zuwa:

415,2406,0500,612,27.8,81,3.92

wato lambar saƙo, rana da wata, lokaci, jimillar kifewa, zafi, laima, batir. Kuma kafin a aika komi sai an rubuta shi a kart memwar, a gona da gida duka, aikawa na biyo baya, in rezo ya ɗauke na'urar ta gwada sau 2 ta haƙura ta yi barci minti 30, ba ta sake kashe kanta wajen kiran wanda ba ya ji. Tsakanin gona da gida ma haka, ta gona ba ta ɗauka saƙo ya isa sai ta gida ta amsa mata.

Agogo ma sai da na gyara. ESP32 in wuta ta yanke mashi mantawa yake da lokaci, sai ka ga ruwan Yuli an rubuta shi a Janairun 1970. Na sa ɗan agogon DS3231 mai ƴar batir CR2032 tata, kuma ina rubuta komi da agogon duniya na UTC, mu Nijar muna gaba da awa 1, kwamfuta ce ke maida shi lokacinmu wajen nunawa, don in wata rana na so gwada lambobina da na meteyo kar a samu saɓani. Akwai kuma rawar makunni, shi ɗan gilashin nan in ya rufe yakan yi tsalle sau biyu ukku cikin ƙiftawa sai allo ya ƙirga kifewa ɗaya a matsayin ukku, maganin shi ne bayan kowace ƙirga allo ya toshe kunne na kashi ɗaya cikin biyar na sakan.

Sauran abokan gaba ba a cikin littafi suke ba. Gara ta cinye turken icce na farko cikin wata biyu sai da na sa tiyo na ƙarfe da siminti. Akuya ta tauna wayar panno. Zanzaro ya yi gini a maƙogwaron mazurari da rani, tsuntsaye na sauka a baki su yi kashi ya toshe ramin, ruwa ya taru a sama bai sauka kan cokali ba. Akwatin farko baƙi ne, a watan Afrilu da zafi ke haura 40 in ka taɓa shi sai ka janye hannu, batir lithium kuwa ba a son a yi mashi sharji sama da digiri 45, ɗaya ya kumbura, na sake akwati fari na yi mashi ƴar inuwa da zana. Pus ma in anka daɗe ba a sa mashi kuɗɗi ba yana iya mutuwa, don haka ranar 1 ga kowane wata nake tura ma dukansu biyu kiredi tare da biyan hayar shago don kar in manta. Duk waɗannan ba wanda zan iya gani daga Maradi. Ƙanena ne ke zagayawa kowace Juma'a da tsumma da ɗan tsinke, ya goge panno ya duba mazurari, kuma ina ba shi jika biyu a wata, ba kyauta ba ce haƙƙinshi ne, don in ba shi tashar ba ta kai wata ukku.

Abin na ci mani rai in na ga tashoshin da wasu furoje ke kafawa a ƙauyuka, na ga ɗaya a hanyar Dakoro cikin shingen waya mai kyau, kayan miliyoyi, panno ya yi fari fat da ƙura, ciyawa ta fito cikin mazurari, na tambayi mutanen wurin sunka ce tun da masu ita sunka tafi ba wanda ya zo, kuma ko lokacin da tana aiki ba a taɓa gaya masu abin da take aunawa ba. Lambar na tashi daga gonarsu ta wuce ta kansu zuwa wata kwamfuta mai nisa, su da ruwan ya sauka a kansu ba su da rabo. Da an ɗauki yaro ɗaya na garin an koya mashi an riƙa ba shi ɗan abu, an kuma bar kuɗɗin pus na shekara biyar, da har yau tana magana.

Ni dai na ɗauki alkawari lambar nan sai ta koma inda ta fito. Muna da gurup na WhatsApp na ƴan garinmu, na birni da na Kano da na Agadas har da masu ci-rani a Libiya, duk safiyar da anka yi ruwa ina sa murya don ba kowa ke karatu ba, in ce jiya da dare gonar Baba ta samu kaza, jimilla tun farkon damana kaza. Malamin gona na yankinmu ya gaya mani ƙa'idar da masana ke bi, wadda wani masani Sivakumar na cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ya fitar a 1988, cewa damana ta kama in bayan 1 ga Mayu an samu milimita 20 cikin kwana 3 a jere kuma ba a yi fari na fiye da kwana 7 ba cikin kwana 30 da ke biye. Rabin farko tashata na iya faɗi, rabi na biyu sai bayan ya wuce ake sani, shi ya sa ba na ce ma kowa shuka ko kar ka shuka, lamba nake faɗi, masu binne su yi binnensu masu jira su jira. Kuma kusa da tashar na kafa ma'aunin hannu na roba mai zane, ƙanena na karantawa da safe, don cokalin nan in ruwa ya yi ƙarfi sosai yana rage lissafi, lokacin da yake kifewa wani ruwan na wucewa ba a ƙirga ba, ranar babban ruwa nakan ga na hannu ya fi da milimita 2 ko 3. Kafin kowace damana kuma ina zuwa da sirinji da gora, in zuba mililita 400 a hankali cikin kamar rabin awa, in bai ba ni kifewa 100 ba in juya ƴan kusoshin da ke ƙarƙashin cokali har ya daidaita.

Bana ruwan shuka ya zo mana daren wata Talata. Ƙarfe 3 da wani abu wayata ta yi ƙara da saƙon ruwa, na tashi na duba, jimilla na hawa, kafin kiran assalatu ta tsaya a kifewa 116, saƙonni a jere ba wanda ya ɓace, batir 3.88. Ban kira Yaya ba sai da na kira ƙanena ya fita da fitila ya duba na roba ya ce 24 yake gani. Ƙarfe 7 mota ta tashi da iri da mutane, ni na bi su a moto. Na tarar da Baba a tsugunne tsakiyar gona ya tura hannu cikin rami har wuyan hannu ya wuce, na gaishe shi, bai ɗago ba ya ce, "Nawa ta ce?" Na ce 23 da ɗigo 2, Baba. Ya damƙo ƙasar ƙasan ramin ya matse ta a tafinshi, ta dunƙule ba ta watse ba, ya miƙe ya karkaɗe hannu a riga ya ce ma ƙanena ya miƙo mashi sungumi.